Gidan da Na Tsallake

Da na ɗaga asabarin nan na shiga ranar Larabar nan, da yanzu ɗiyata tana raye? Na tambayi wani likita bayan rasuwarta, ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Na tambayi limaminmu, ya ce kowa da kwanansa. Duk gaskiya suka faɗa, amma ba wanda ya amsa mini. Damina uku ke nan ina yawo da tambayar.

Ku 'yan matan da aka raba wa wayoyi makon jiya, an ce in ba ku labarin aikin, ɗayarku ta rubuta, tunda ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Ina shigowa na ji wata tana cewa ai aikin ba shi da wuya, danna waya ne kawai, ta yi magana, mata su ji. Ban ga fuskarta ba, kuma ba sai ta nuna kanta ba. Ke mai biro, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini.

Ni ungozoma ce, a wani ƙauyen bakin ruwa cikin ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Gwaggo Inno, ƙanwar babana, ita ta koya mini. Ita tun a tsohon garinmu take karɓar haihuwa, kafin ruwan dam ya cinye shi a maido mu tudu. Shekara uku na yi ina bin ta ban taɓa jikin mace ba. Tsumma nake wankewa. Sai an haihu, an yi guɗa, kowa na murna, ni kuma in kwashi tsummokara in nufi bakin ruwa. Wani lokaci ta biyo ni, ta ɗauki ɗaya ta kai mini hanci.

"Wanga jinin mi ne ne?"

In na ce na biƙi ne alhali na ɓari ne, sai ranƙwashi. Ta ce sai hancina ya koya sannan za ta bar hannuna ya koya. Kafin shekara ta uku ta ƙare ina bambance jinin al'ada da na biƙi da na ɓari ko idona a rufe. Akwai na huɗu, wani ruwa-ruwa mai ɗoyi gauraye da jini da ke zubo wa manyan mata. Gwaggo na ce masa mugun sanyi. Bagaruwa muke dafa musu su zauna a ciki. Bayan shekara ko biyu sai a ce wance ta rasu, mu je gaisuwa mu dawo. Ba mu taɓa haɗa wancan da wannan ba.

Kayan aikina duk a ƙwarya ɗaya suke: sabuwar reza a takardarta, zare, sabulun salo, tsumma mai tsabta. Daga baya mutanen asibiti suka ƙara mana safar hannu da maganin cibi, suka ce in haihuwa ta zo da gardama mu kai musu tun da wuri. Mun ji, domin gaskiya ce. Amma ruwa ba ya jin wannan magana. Haihuwar da na fara karɓa ni kaɗai a tsakiyar ruwa ce, cikin kwale-kwale, da rana tsaka, lokacin yankan shinkafa. Wata Bafillatana ce muke ƙoƙarin kai wa Wara. Ƙafar yaron ce ta fara leƙowa. Na ce wa mai tuƙi ya juya mana baya ya ci gaba da tuƙinsa, in ya waiwayo na jefa shi ruwa. Hannuna yana son ya ja. Na tuna Gwaggo ta ce wanda ya zo da ƙafa ba a jansa, tarbarsa ake yi. Na danne hannuwana a cinya har sai da cibinsa ya fito, sannan na tallafe shi. Yau yana da 'ya'ya biyar, uwarsa kuma ba ta daina aiko mini da nono ba.

Amma karɓar haihuwa ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyarsa a bakin mace take. Mace za ta ce miki kanta ke ciwo, alhali kwana goma ke nan tana zubar da jini. In kin shiga gida kin tsaya a tsaye kin ce wa ke da ciwo, ba wadda ke da shi. Sai kin zauna, kin sha ruwan da aka ba ki ko ba ƙishirwa, kin ja faifai kin taya ta tsintar shinkafa. Idonki kuma na kan igiyar shanya. Mace mai shanya tsumma a bayan ɗaki sau biyu cikin wata ɗaya, da magana a bakinta. Ki jira yara su fita. Kada ki kalle ta ido cikin ido, ki kalli faifan. Daga nan ki ba ta labarin wata mace, a wani gari, da abu kaza ya samu. In ta ce, "To, ita matar yaya ta yi?" kin samu ƙofa.

Shekarar da maigidana Malam Umaru ya rasu aka kawo wayar. Masunci ne, zazzaɓin kwana shida ya ɗauke shi. Ina fita takaba sai ga Malama Rahila, ma'aikaciyar lafiya, a bayan kabu-kabu. Kirista ce, 'yar Kambari, ni na yanke mata cibi. Ta ce, "Inna, zaman ɗakin nan zai kashe ki. Ga aiki na kawo miki." Ta nuna mini abin da kuke kira manhaja. Hoton wata mata ce da lulluɓi, in kin danna ta sai murya ta fito da Hausa. Tana cewa akwai ciwon daji da ke kama bakin mahaifa, yana daɗewa a ɓoye mace ba ta jin komai. Tana cewa a je a duba tun ana lafiya, ba yanka ba ne, ba ya ɗaukar lokaci, in an ga alamarsa da wuri ana maganinsa. Sannan ta lissafo abin da ba a zama da shi: jini bayan kwanciya da miji, jini ba lokacin al'ada ba, jini bayan al'ada ta ɗauke, ruwa mai ɗoyi.

Da ta zo kan ruwa mai ɗoyi na ce Rahila ta maido. Ta maido. Na zauna ina ƙirga matan da na dafa wa bagaruwa, har yatsuna suka ƙare.

Ranar farko na yi irin abin da kuke shirin yi. Gidan suna na je, mata cike da tsakar gida, na ɗaga wayar na danna. Murya na kaiwa kan kwanciya da miji aka ɗau shewa. Wata ta ce, "Inna, wagga wayar taki wa ya yi mata tarbiyya?" Wata ta ce, "Ta san sirrinmu fiye da mazanmu!" Amare suka ruga ɗaki. Wata tsohuwa ta buga sanda ta ce a kashe, akwai surukai a wurin, akwai uwa da ɗiya. Na kashe. Ba mace ɗaya da ta zo gwaji daga gidan sunan nan.

Sai na koma yadda Gwaggo ta koya mini. Gida gida, bayan azahar, lokacin da maza ke ruwa ko fadama. Mace ɗaya ko biyu, waɗanda ba kunya tsakaninsu. In zauna, in sha ruwa, in ja faifai, sai magana ta yi laushi in ciro wayar daga lalitata. Maza ma sai da na san yadda zan yi da su. Wani ya tare ni a zaure ya ce, "Inna, wai mi wayar nan take koya musu?" Na ce, "Abin da zai hana ka zama gwauro da yara bakwai." Ya matsa ya ba ni hanya. Ranar gwaji kuma ni ke tara su. Duk mai zuwa sai ta biyo ta hannuna, in faɗa wa Rahila sunanta, mu shiga jirgi tare, in tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwaji ina riƙe mata goyo. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai ni.

Asabe, matar mai gyaran komar kamun kifi, sau huɗu na je gidanta. Ta ce, "Ni lafiyata lau, in je a buɗe ni don mi? Ko gasa ake yi?" A na huɗun na ce ba zan tashi daga tabarmarta ba sai ta ɗauko gyale. Ta bi ni tana mita har cikin jirgi. Aka duba aka ga wani ɗan fari-fari, aka yi mata maganinsa tun bai zama komai ba. Yanzu shinkafa take sayarwa a kasuwar Yelwa, ta yi ƙiba, in ta hango ni tun daga nesa take ƙwala mini kira. Ina amsawa. Allah ya gani ba na yi mata baƙin ciki. Amma ba na tsayawa.

Gida ɗaya ne ban shiga ba a duk ƙauyen.

Gidan 'yar farina ne. Kun san yadda muke da ɗan fari, ko da yake ku na yanzu har goya naku kuke yi ku je kasuwa kuna kiran sunansu. Mu ba haka muka taso ba. Ana yaye ta Gwaggo Inno ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Ban taɓa faɗin sunanta ba. In dole ta kama sai in ce "waccan", da ta girma ta kama sana'ar bandar kifi na koma ce mata Mai-kifi. Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba ma zama a tabarma ɗaya. In mun haɗu a hanya ta durƙusa, ni kuma in kalli gefe in amsa. Haihuwarta shida, ko ɗaya ba ni na karɓa ba. Gwaggo ce, daga baya kuma asibiti. Mutane na yaba mini. Ana cewa, kun ga mace mai kunya, ko kallon ɗiyarta ba ta yi. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba.

Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin Gwaggo take bi. Gwaggo ta rasu, ba mu sami wata hanyar ba, ba mu kuma nema ba. Mun ɗauka ba abin da zai taso.

Ranar Larabar nan gidan Ladi na je, maƙwabciyarta. Zana ce kawai ta raba su. Ina jin ƙamshin bandarta, ina jin tana fasa itace. Na zauna da Ladi nesa da ɗaki, dab da zanar, har Ladi ta ce, "Inna, ga inuwa can, mi za ki yi cikin rana?" Na ce sanyi nake ji. Na ciro wayar, na danna wurin ƙara murya har ya ƙure. Na kunna sau ɗaya, na sake kunnawa. Fasa itacen ya tsaya. Da na fito na zo daidai ƙofar gidanta, asabarin na kaɗawa, ƙafata ta rage sauri. Sai na tuna abin da muryar ke faɗa, kwanciya da miji, jini, bakin mahaifa, na ce yau ni zan zauna gaban 'yar farina a yi wannan magana? Na wuce.

Da Rahila ta zo muna bin gidaje a wayarta, ta ce, "Inna, saura gidan Yaya. Ko in shiga da kaina?"

Na ce, "Ta ji."

"Kin tabbata?"

"Na ce miki ta ji. Ko kin fi ni sanin ɗiyata?"

Ta danna, gidan ya koma kore a wayar kamar sauran da aka gama da su. Ba laifinta ba ne. Wa zai ƙaryata matar da ta yanke masa cibi? A ƙarshen shekarar har atamfa aka ba ni a gaban jama'a, wai ba ungozomar da ta kai ni kawo mata gwaji. Aka tafa mini. Atamfar na nan ƙasan akwati, ban ɗinka ba.

Jirgin gwaji ya tashi ya dawo ban san sau nawa ba, ɗiyata ba ta taɓa shiga ba. Ni kuma na ce a raina ai ta ji, in tana so ta zo. Ban tsaya na tambayi kaina ba, ta zo wurin wa? Ta zo ta durƙusa gabana ta ce Inna, rubuta sunana, a je a buɗe ni kina tsaye bakin ƙofa? Ni ce hanyar, ni ce kuma na tare ta.

Damina biyu bayan nan muka shiga mummunar shekara. Ruwa ya yi yawa, ya ci shinkafar fadama, jirage suka rage tashi, gwajin ma ya tsaya na wasu watanni. Kowa ya rame, don haka ramarta ba ta dami kowa ba. Hayaƙin banda da ƙarnin kifi kuma suka rufe mata asiri. Mijinta bai ji ba, 'ya'yanta ba su ji ba. Ni na ji. Wata ranar kasuwa ta durƙusa gaishe ni a bakin jirgi, iska ta kaɗo, hancin da Gwaggo ta horar ya gaya mini ko mene ne tun kafin in amsa gaisuwar. Na huɗun nan ne.

Kun san abin da na yi? Ni da wayar ke cikin lalitata, ni da na haddace duk abin da take faɗa? Bagaruwa na ƙulla a leda na ba Ladi, na ce ta kai wa maƙwabciyarta, ta ce mata in abin bai tsaya ba ta je asibiti. Ladi ta kai bagaruwar. Ko ta faɗi sauran maganar, ban tambaya ba.

A gaban bandarta Mai-kifi ta faɗi, da hantsi, zaninta jiƙe. Daga Yelwa aka ce mu wuce Sakkwato. Likitan yaro ne, bai fi waɗanda na karɓi haihuwarsu ba. Ya duba ta ya fito ya same ni a benci. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce abin ya daɗe, ya bazu, sai dai a rage mata zafi. Ya ce, "Mama, a garinku ba a zuwa ana wayar wa mata da kai a kan gwajin nan?"

Na ce, "Ana zuwa."

Ya ce, "Ke wace sana'a kike yi?"

Na ce, "Ba ni da sana'a, ɗana."

Muka dawo da ita gida. Wata huɗu ta yi a ɗakina, domin ba wanda ke iya zama da ɗoyin sai ni. Ran da na fara yi mata wanka, rabona da taɓa jikinta tun ranar da aka yaye ta. Ta rufe fuska da hannu, ni ma na kau da kai, muna yi muna kunyar juna, mace mai shekara arba'in da wani abu da uwarta. Na koma inda na faro, ina kwasar tsumma ina kaiwa bakin ruwa. Masu yaba mini kunya suna wucewa suna cewa sannu da jinya. Ba wadda ta shigo ta zauna.

Na mayar wa Rahila wayar. Ta yi kuka ta ce ita ce ya kamata ta shiga gidan. Na ce ta yi shiru. Wayar ba ta yi ƙarya ba, duk abin da ta faɗa haka yake, kuma da an kawo ta tun zamanin Gwaggo da mata da yawa sun ga jikokinsu. Amma ba ta da ƙafa. Inda kika kai ta nan take zuwa, inda kika tsallake ita ma ta tsallake, kuma in kin danna ta nuna kore ba za ta tambaye ki ba. Saboda haka kafin ku fita daga ɗakin nan, kowaccenku ta faɗi gidan da ba za ta iya shiga ba. Kowa na da shi. Na surukarki ne, ko na uwarki, ko na yayar mijinki. Ki faɗa da baki, a tura wata, ke ma ki shiga nata. Kada wadda ta ce muku "ta ji" ku yarda, ko da furfura a kanta. Ku shiga ku ga matar da idonku. Ban ce ku zubar da kunya ba, ni ma da ita za a binne ni. Cewa na yi ku nema mata ɗan aike.

Ranar da za ta tafi, da safe ne, rana ta fara hawa, masunta na dawowa. Na ɗumama kunu na zauna a bakin gadon, ta kasa haɗiyewa. Na ga yadda numfashin ke tafiya. Na ga irinsa sau da yawa, na san saura kaɗan. Na ajiye kunun. Na ce, "Balkisu."

Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. Har ta ɗan yi murmushi.

"Ashe kin san sunan, Inna."

Na ce na sani. Na ce ni na zaɓe shi, na raɗa wa Gwaggo a kunne ta kai wa babanta. Sannan na yi mata tambayar da na makara da ita. Na ce, "Ranar da na kunna wayar a gidan Ladi, kin ji?"

Ta lumshe ido har na ɗauka ta tafi. Sai ta ce, a hankali, ba fushi a muryarta:

"Na ji, Inna. Har tabarma na shimfiɗa miki."